Yadda Ake Tsara Waƙafi ko Wasiyya Domin Raya Lambun Adana Tsirrai a Katsina

Duk shekara idan damina ta kankama akan yi bikin dashen itatuwa a Katsina da Daura da sauran garuruwanmu, manya su zo su dasa, a ɗauki hoto, a watse. Wanda ya koma wurin a watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura, ya san abin da yake tararwa: ramuka a jere, wasu da busasshen tsinke a tsakiya, wasu akuya ta gwaguye dashen har ƙasa, wasu kuma gara ta cinye saiwar tun kafin ta kama. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwan da ke sauka a arewacin jihar nan bai cika kai milimita 800 a shekara ba, kuma kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, saboda haka duk abin da aka dasa sai ya ratsa kimanin wata takwas na rani yana jiran hannun mutum. Wanda yake son dukiyarsa ta raya lambu bayan ransa, abin da zai fi mayar da hankali a kai shi ne ruwa da albashin mai ban ruwa da kuma takardar da za ta hana a taɓa su, domin irin dashe shi ne mafi arha a cikin duk abin da lambu yake ci.

Lambun adana tsirrai ya bambanta da lambun mangwaro da gwaba da ake yi a fadama domin sayarwa, ya kuma bambanta da wurin shan iska da ake zuba kujerun siminti. Wuri ne da ake tara itatuwa da tsirrai da gangan, a rubuta sunan kowanne a jikinsa, a ajiye tarihin inda aka samo shi da ranar da aka dasa shi, sannan a buɗe wa ɗalibai da masu bincike da masu maganin gargajiya da sauran jama'a. Buƙatarsa a wurinmu ta wuce ta ado. Ƙirya da ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma suke neman gawayinta, ta yi wuyar gani a kusa da gari. Hano da maɗaci ana saɓule musu ɓawo domin magani har su bushe a tsaye. Madobiya kuwa saran da aka yi mata domin kai katakonta ƙasashen waje ya yi tsananin da ya sa aka shigar da ita cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu tun daga shekarar 2017. Akwai yara da yawa a cikin birnin Katsina da suka san bedi da itacen turare, waɗanda duka baƙi ne da aka kawo daga wasu nahiyoyi, amma ba za su iya nuna maka taura ko tsada ko ɗinya a tsaye ba. Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, sai dai aikin shirin shi ne tare hamada da shingen itatuwa, wanda ba ɗaya yake da aikin adana iri da koyar da jama'a ba.

Manyan lambunan irin wannan da suka daɗe a duniya, da yawansu kyautar da aka tsara ce ta riƙe su. A birnin Sen Luwis na Amurka, wani ɗan kasuwa haifaffen Ingila mai suna Henry Shaw ya buɗe lambunsa ga jama'a a 1859, da ya rasu a 1889 kuma wasiyyarsa ta miƙa lambun ga amintattu tare da kadarorin da za a riƙa ɗaukar nauyinsa da kuɗin shigarsu, kuma yana nan har yau. A Boston, wani kaso na dukiyar da James Arnold ya bari ne ya kafa gandun itatuwa na Jami'ar Harvard a 1872, bayan shekara 10 kuma aka ƙulla yarjejeniyar da ta mayar da filin mallakar birni, birnin ya ba jami'a hayarsa na shekara 1,000 a kan dala ɗaya a shekara, ya ɗauki nauyin hanyoyi da tsaro, jami'a kuma ta ɗauki nauyin itatuwa. Abin koyi a nan shi ne rabon aiki a rubuce da kuma tanadin kuɗin shiga. Sauran dabarun da Amurkawa ke bi, irin su miƙa dukiya ga gidauniya tana biyan mutum wani abu duk shekara har ya mutu, an gina su ne a kan dokokin harajinsu, kuma ba su ne hanyarmu ba. Hanyarmu, wato waƙafi, ta girme su, domin lokacin da Sayyidina Umar ya sami gona a Khaibara ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya umarce shi da ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. Akwai kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face an rubuta masa ladan sadaka.

Fara da sanin wanda zai karɓa

Kafin ka yi maganar nawa za ka bayar, ka tabbatar da wanda zai riƙe abin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tallafi wurin da yake akwai, domin jami'o'i kan keɓe wa sashen nazarin halittu fili na tsirrai, kuma a jihar nan muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Alƙalam a Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga kuma sashen gandun daji na gwamnatin jiha da wuraren rainon dashe da yake kula da su. Ka je da ƙafarka, kuma ka je da rani, domin da damina kowane fili kore ne. Ka duba ko akwai shinge, ka tambayi inda ruwa yake fitowa da wanda yake biyan kuɗin gyaran famfo, ka nemi a nuna maka littafin da ake rubuta tsirrai a ciki. Ka yi hira da ma'aikacin da ke riƙe da mesa kafin ka shiga ofishin shugaba, domin shi ne zai gaya maka wata nawa tanki ya yi a fashe. Tambaya mafi muhimmanci ita ce ko talaka zai iya shiga, domin lambun da ke bayan ƙofar da mai gadi ke neman katin shaida kafin ya buɗe bai cika sunan na jama'a ba, kuma idan kana son 'yan firamare su riƙa zuwa, wajibi ne a rubuta ranakun buɗewa a cikin yarjejeniya.

Idan babu wurin da ya kwanta maka, ko kuwa kana son a kafa sabo a Daura ko Mani ko Kankiya, to sai a kafa ƙungiyar amintattu a yi mata rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Amfanin rajistar shi ne ƙungiyar tana zama mai cin gashin kanta a idon doka, tana mallakar fili da asusun banki da sunanta, tana kai ƙara ana kuma kai ta, kuma mutuwar ɗaya daga cikin amintattu ba ta rushe ta. Filin da aka rubuta da sunan mutum ɗaya, komai amanarsa, ranar da ya rasu magadansa za su same shi a cikin takardunsa, daga nan kuma sai shari'a.

Waƙafi, wasiyya ko kyauta

Hanyoyi uku ne a gabanka, kuma kowace da hukuncinta. Kyauta ta nan take ita ce ka haƙa rijiyar burtsatse ko ka kewaye fili ka miƙa, magana ta ƙare. Waƙafi shi ne ka tsare asalin kadara har abada, ko zuwa wani lokaci da ka ƙayyade tunda mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi ta yarda da waƙafi na wa'adi, amfaninta kuma ya riƙa tafiya ga lambun. Wasiyya kuwa umarni ne da ba ya aiki sai bayan mutuwa, kuma kana da ikon sauya ta ko soke ta muddin kana raye, saɓanin waƙafi wanda idan ya tabbata babu komawa.

A nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya suke tuntuɓe, don haka ya kamata a tsaya a kai. A Malikiyya kyauta da sadaka da waƙafi ba su cika sai an karɓe su daga hannun mai bayarwa, kamar yadda ya zo a Risala da ake karantawa a kowane zaure. Idan mutum ya tara jama'a ya ce ya yi waƙafin shagunansa uku, amma ya ci gaba da karɓar haya yana sakawa a aljihu har mutuwa ta riske shi, shagunan sun koma gado, komai yawan waɗanda suka ji furucinsa. Haka nan idan bashi ya cinye dukiyarsa kafin a karɓa, masu bin bashi ne a gaba. Idan kuma sai da ya kwanta ciwon ajali ya yi, to hukuncinsa hukuncin wasiyya ne, daga sulusi, wato ɗaya bisa uku na dukiyarsa, za a fitar. Saboda haka karɓar ta zama a bayyane: a miƙa makullai da takardu ga amintattu a gaban shaidu, a rubuta wa 'yan haya cewa daga wata kaza kuɗin haya asusun waƙafi za su riƙa shiga, idan fili ne na lambun kansa a buɗe shi ga jama'a su fara shiga. Kada mai waƙafi ya naɗa kansa shi kaɗai mai kula da shi, kada kuma ya koma ya zauna a gidan da ya bayar kafin shekara ta zagayo, domin malamanmu suna ganin duka biyun suna ɓata waƙafin. Wannan ne ya sa wanda yake son ya ci gaba da zama a gidansa har ƙarshen ransa sannan gidan ya koma na lambu, hanyarsa wasiyya ce, kuma ƙimar gidan ba za ta wuce sulusi ba.

Iyakar wasiyya sananniya ce daga hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa aka hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, aka bar shi a kan sulusi tare da faɗa masa cewa sulusin ma da yawa, kuma barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Abdullahi ɗan Abbas ya so a ce mutane sun sauko zuwa rubu'i, wato ɗaya bisa huɗu. Ana lissafin sulusin ne daga abin da ya rage bayan an cire kuɗin jana'iza da basussuka, kuma da ƙimar dukiya ta bayan mutuwa ake aiki, ba ta ranar rubutu ba. A misali, wanda ya bar dukiyar naira miliyan 30 ana binsa miliyan 3, abin da ya rage miliyan 27 ne, iyakar wasiyyarsa miliyan 9, kuma duk wasiyyoyin da ya yi, na masallaci da na marayu da na lambu, a cikin wannan miliyan 9 za su yi cunkoso. Abin da ya haura sai magada sun yarda. Shawarata ita ce a rubuta kaso maimakon adadi, a ce ɗaya bisa goma na abin da na bari, domin adadin da ya yi kauri yau yana iya zama kuɗin buhun siminti kaɗan nan da shekara 20. Ka kuma sani cewa takardar da aka tsinta a cikin akwati da rubutun hannun mamaci, ba tare da ya kafa shaidu a kanta ba, ba a zartar da ita a Malikiyya, don haka a nemi adilai biyu su shaida su sa hannu.

Mata suna da cikakken iko a kan dukiyarsu ta gado da ta sana'a, kuma da yawa daga cikin gonakin bakin gari a hannunsu suke. Abin lura kawai shi ne Malikiyya ta ba miji damar hana kyautar matarsa idan ta haura sulusin dukiyarta a lokaci guda, don haka ya fi kyau ya sa hannu a matsayin wanda ya sani ya kuma yarda. 'Yan uwanmu Kirista na Malumfashi da Ƙafur da sauran wurare ba wannan hukunci ne ya hau kansu ba, su lauya ne zai tsara musu wasiyya ko amana bisa dokar ƙasa. Zakka kuwa kada a kawo ta nan, domin aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade rukunin mutane takwas da ake ba, kuma jumhurun malamai ba su sa gina wuraren amfanin jama'a a cikinsu ba.

Abin da ya fi dacewa a bayar

Mutanenmu sun fi son bayar da fili, domin shi ake gani. Fili yana da kyau idan yana da ruwa a ƙarƙashinsa kuma takardunsa tsaf suke, amma filin da babu kuɗin raya shi nauyi ne aka ɗora wa amintattu, kuma a bakin birni irin Katsina da gini ke cin gonaki kullum, fili mara shinge ba ya daɗewa kafin a wayi gari a ga harsashin wani a gefensa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma mai takardar shaidar mallaka ba ya miƙa haƙƙinsa ga wani sai da amincewar gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke da ta cewa a kan filayen gargajiya. Don haka a kira safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka, a kira maƙwabta da mai unguwa da dagaci su gani da idonsu, sannan lauya ya bi sawun sauya suna a ma'aikatar ƙasa har ya fito. Idan gonar gado ce da ba a raba ba, a raba tukuna, domin mutum ba ya waƙafin abin da bai keɓanta da shi ba ba tare da ya jawo rigima ba.

Kafin ka zaɓi kadarar da za ta ciyar da lambun, ka zauna ka yi lissafin cikinsa. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata, don haka masu ban ruwa biyu da mai gadi ɗaya kaɗai za su ci naira 2,520,000 a shekara, ban da gyaran famfo da sauya batir ko injin sola, da taki, da leda da ƙasar rainon dashe, da allunan suna da rana ke kashe wa fenti, da ɗinke shingen da shanu suka keta. Dashe yana buƙatar ban ruwa na rani biyu zuwa uku kafin saiwarsa ta kai inda zai dogara da kansa, kuma itatuwanmu na gida ba su da gaggawa, domin kaɗanya takan shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Wanda ya yi tanadin shekara biyu kawai ya ajiye aikin a tsakiyar hanya. A ganina, mai naira miliyan 10 da ya sayi shaguna biyu ya tsare hayarsu domin albashin mai ban ruwa ya fi amfanar lambu a kan wanda ya kashe miliyan 10 a kan ƙofa mai ado da sunansa a sama.

Shago a kasuwa ko gidan haya a unguwa mai jama'a ya fi tsabar kuɗi jure zamani, domin haya tana tashi tare da tsadar kaya. Malikiyya ta halatta waƙafin kuɗi, amma duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 200 a 2015 zuwa sama da naira 1,500 a 2024, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, ya san abin da ke samun kuɗin da aka ajiye a asusu. Idan kuɗi ne a hannunka, a juya su ta hanyar halal, ko dai a bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, ko a takardun sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, da Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 na wa'adin shekara 7. Sai a sa sharaɗi cewa ba za a cinye ribar duka ba, za a riƙa mayar da wani kaso cikin uwar kuɗi kowace shekara. Wanda ba shi da kadara kuma bai fita daga sahu ba, domin mutum 50 da kowannensu ya umarci bankinsa ya riƙa tura naira 5,000 duk wata sun tara naira miliyan 3 a shekara, wanda ya rufe albashin da muka lissafa. Mai kamfani kuma ya tambayi akantansa, domin dokar haraji tana ba kamfanoni damar cire wasu gudummawa daga ribar da ake yi wa haraji idan an cika sharuɗɗa.

Rubuta takardar

Tun ran gini ran zane. Abin da ba ka rubuta ba yau, babu wanda zai tambaye ka gobe, kuma sharaɗin mai waƙafi abin bi ne muddin bai saɓa wa shari'a ba. Ka haɗa malami masanin fiƙihun gado da lauya a zama ɗaya, domin malami zai tsare maka ingancin waƙafin, lauya kuma zai tsare maka shi a gaban ma'aikatar ƙasa da banki. Takardar ta ambaci sunanka da shaidar kana cikin lafiya da hankali, ta siffanta kadarar da iyakokinta huɗu da lambar takardarta, ta faɗi manufar a fili. Jimlar manufa tana iya zama kamar haka: na tsare waɗannan shaguna har abada, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, ba a jinginarwa, kuɗin hayarsu bayan an cire na gyaransu za a kashe shi a kan ruwa da albashin ma'aikata da rainon itatuwan ƙasar Hausa a lambu kaza, wanda zai kasance a buɗe ga jama'a kyauta aƙalla kwana kaza a mako. Ka lura cewa gyaran kadarar ne a farko, domin shagon da rufinsa ke yoyo ba ya samun ɗan haya.

Sharuɗɗa su yi ƙarfi a kan manufa, su yi sassauci a kan hanya. Idan ka ce dole a shayar da lambu daga rijiya kaza, ranar da ta ƙafe ka ɗaure hannun amintattu. Idan ka lissafa itatuwa goma ka ce su kaɗai za a dasa, ka hana masana su ceto wani iri da ba ka san yana gab da ɓacewa ba. Ya wadatar ka ce a fifita na gida, irin su gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka da kanya da aduwa da magarya da kurna da goriba da marke da bagaruwa, a kan baƙi. Wani sharaɗi da ake yawan mantawa shi ne makomar dukiyar idan lambun ya tashi, ko gwamnati ta karɓi filin domin hanya ta biya diyya. Ka rubuta cewa diyyar za a sayi wani fili da ita a ci gaba da manufar, idan hakan ya gagara kuma a mayar da kuɗin shigar ga aiki mafi kusa da ita, kamar rainon dashe domin makarantu da maƙabartu. Ka kuma fayyace hukuncin 'ya'yan itatuwa da ganye da ɓawo, wa zai tsinka, da izinin wa, domin masu magani za su zo, kuma gara a tsara musu yadda za su ɗiba ba tare da sun kashe itace ba a kan a bar su da mai gadi suna ɓuya da dare.

Amintattu kada su gaza uku, kuma biyar ya fi, domin a samu rinjaye idan ra'ayi ya rabu. A haɗa masanin tsirrai ko tsohon malamin daji, da wanda ya iya lissafin kuɗi, da malamin addini, da mutumin unguwar da lambun yake, da ɗaya daga cikin iyalinka domin zuriya ta riƙa jin abin nata ne. Kada a zaɓi mutum saboda girman rawaninsa ko muƙaminsa kawai, domin wanda ba shi da lokacin zuwa taro sunansa ne kaɗai zai yi aiki. A rubuta wa'adin kowa, da yadda za a cike gurbin wanda ya rasu ko ya gaza, da cewa ba a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, da cewa duk shekara za a kira mai binciken kuɗi daga waje a kuma karanta rahotonsa a gaban jama'ar unguwa. Ya halatta a yanka wa mai kula da waƙafi lada gwargwadon wahalarsa, kuma yanka masa a rubuce ya fi barinsa ya yanka wa kansa.

Kafin a sa hannu, ka tara matanka da 'ya'yanka manya ka gaya musu da bakinka abin da ka yi niyya da dalilinka, ka nuna musu abin da ya rage musu. Yawancin ƙarar da ake kaiwa kotu a kan waƙafi daga magadan da labari ya zo musu ba zato take fitowa, suna cewa an ruɗi tsoho ne ko ba ya cikin hayyacinsa. Idan shekaru sun ja, takardar likita da ke tabbatar da lafiyar hankalinka a ranar sa hannu tana toshe wannan ƙofa. Kada kuma a yi amfani da waƙafi domin a hana wani magaji rabonsa, musamman 'ya'ya mata, domin wannan zalunci ne da aka lulluɓe da sunan sadaka.

Bayan sa hannu a kai takardar kotun shari'a a tabbatar da ita a gaban alƙali, a sanar da hukumar da ke kula da zakka da waƙafi domin ta shigar da ita cikin kundinta, sannan a yi kofe a rarraba: ɗaya a wurin amintattu, ɗaya a wurin lauya, ɗaya a wurin hakimi ko dagacin yankin, ɗaya a gida inda iyali suka sani. Wasiyya kuwa a riƙa duba ta duk bayan shekara biyu ko uku, da kuma duk lokacin da aka yi haihuwa ko aure ko rasuwa a gidan, ko aka sayar da wata kadara da aka ambata a ciki. Idan an sauya wani abu a rubuta sabuwa da kwanan wata, a ambata a cikinta cewa ta shafe ta baya, a sake kiran shaidu, a kuma karɓo tsofaffin kofen daga hannun duk wanda aka ba.